Albashi wata-wata, haya shekara-shekara: Yadda ake kama gida a Birnin Kudu da Gwaram

Ranar da takardar tura ma'aikaci zuwa Birnin Kudu ko Gwaram ta fito, tambayar farko da yake yi ba ta shafi ofis ba. Wurin kwana yake tambaya. Malamar jinya ce da aka ɗauka aiki, ko malamin makaranta da aka sauya wa wuri, ko ɗan sanda, ko matashin da ya fito daga sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Fanisau da jakarsa a kafaɗa, duk hanya ɗaya suke bi. A nemi wanda ya san gari, shi kuma ya haɗa ka da dillali, dillali ya zagaya da kai lungu-lungu a kan babur, a ƙarshe a tsaya gaban mai gida a yi ciniki. Idan an daidaita, za a ce ka kawo kuɗin shekara guda cif, ka ɗora la'adar dillali, sannan a miƙa maka makulli. Sau da yawa makullin nan shi kaɗai ne shaidar da za ka riƙe.

Nan matsalar take. Mutumin da ake biyansa wata-wata shi ake nema ya biya shekara a dunƙule, kuma ya biya ba tare da takarda ba. Kusan duk wata kariya da dokar ƙasa ko shari'ar Musulunci ta tanadar wa ɗan haya tana buƙatar a iya tabbatar da abin da aka yi yarjejeniya a kai: nawa aka biya, daga yaushe zuwa yaushe, wa zai gyara me. Idan babu wannan, hakkin yana nan a littafi, amma kama shi da hannu ya yi wuya.

Su wa ke haya a garin da kowa ke da gidan gado?

Birnin Kudu da Gwaram ba ƙananan ƙananan hukumomi ba ne. A ƙidayar 2006, Birnin Kudu ta haura mutum dubu 300, Gwaram kuma ta haura dubu 270, kuma an kusa shekara ashirin da yin wannan lissafi. Sai dai mafi yawan waɗannan mutane manoma ne da ke zaune a gidajen iyaye da kakanni. Idan ɗa ya isa aure, a yanka masa sashe a cikin gida, ko a ta da ɗaki a bayan gida. A ƙauye, kalmar haya ta fi dacewa da gona ko babur fiye da ɗakin kwana.

Saboda haka kasuwar haya a wannan yanki gwamnati ce ta haife ta, ko da ba da niyya ba. Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, wadda Aliko Ɗangote ya kammala a 1978, ta daɗe tana jawo malamai daga nesa. Da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991, ma'aikata suka ƙaru a ko'ina a sabuwar jihar. A shekara ta 2000 babban asibitin garin ya koma Cibiyar Lafiya ta Tarayya, ga kuma makarantar koyon aikin jinya da ungozoma. Kowace daga cikin waɗannan tana kawo mutanen da ba su da gidan gado a garin: likitoci, ma'aikatan jinya, masu gwaje-gwaje, ɗalibai, da 'yan uwan majinyata da ke buƙatar masauki na ɗan lokaci. Gidajen ma'aikata da hukumomi ke ginawa ba su taɓa isar kowa ba, sauran sai su fantsama cikin gari.

A Gwaram, wadda ke iyaka da Jihar Bauchi, kasuwar ta fi ƙanƙanta. Masu haya a can galibi ma'aikatan ƙaramar hukuma ne, da malamai, da ma'aikatan lafiya, da 'yan kasuwar da harkar hatsi da dabbobi ke kaiwa garuruwa irin su Sara. Ƙarancin masu nema bai sa abin ya zo da sauƙi ba, domin gidajen da aka gina musamman don haya su ma kaɗan ne. Wanda ke son gidan bulo mai banɗaki a ciki da ruwa a kusa ba shi da zaɓi mai yawa, kuma mai gida ya san haka.

Akwai rukuni na biyu da ke ƙaruwa a hankali, wato 'yan gari da kansu. Gidan gado da ya ɗauki iyali uku a zamanin kaka yanzu an raba shi tsakanin magada goma sha, babu sauran inda za a ƙara ɗaki. Ga kuma sauyin ra'ayi: amare da yawa, da iyayensu, sun fi son ciki da falo a gidan da ba na surukai ba. Saurayin da bai mallaki fili ba sai ya kama haya kafin ɗaurin aure, ya haɗa kuɗin shekara da lefe da sadaki a wata guda.

Me ya sa sai shekara?

Babu dokar da ta ce a biya haya shekara-shekara. Al'ada ce da ta kafu a biranen Nijeriya ta gangaro ƙananan garuruwa, kuma tana da dalilanta da ya kamata a faɗa da adalci. Mai gidan haya a Birnin Kudu ba kamfani ba ne. Sau da yawa tsohon ma'aikaci ne da ya zuba kuɗin sallamarsa a ginin ɗakuna huɗu, ko bazawara da marayunta da suka gaji gida, ko ɗan kasuwar da ke son jari a dunƙule lokacin kaka don ya sayi hatsi ya ajiye. Irin wannan mutum ba shi da hanyar sanin ko baƙon da ya zo masa mai cika alkawari ne. Idan ɗan haya ya daina biya a wata na uku, fitar da shi ta hanyar kotu na iya cin watanni da kuɗin da ya fi hayar. Karɓar kuɗin shekara ita ce inshorarsa.

Tsadar rayuwa ta ƙara masa hujja. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da sakin Naira a watan da ya biyo baya, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024 bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Buhun siminti ya haura Naira dubu goma a wurare da dama a farkon 2024. Kwano, katako, ƙusa, ladan magini, babu wanda ya tsaya. Mai gida na ganin cewa Nairar da zai karɓa a Disamba ba ta kai wadda zai karɓa a Janairu daraja ba, don haka gara ya karɓe duka tun yanzu.

Amma a duba inda nauyin ya faɗa. Mafi ƙarancin albashi da dokar tarayya ta tsayar a Yulin 2024 shi ne Naira 70,000. A ɗauka, don misali kawai, an yanka wa mai irin wannan albashi hayar Naira 140,000. Idan wata-wata ne, abin bai kai Naira 12,000 ba, ana iya cirewa a ci gaba da cefane. Idan shekara ce, albashin wata biyu ne cur, ba ci ba sha, kuma a lokacin da sabon ma'aikaci bai ma fara ganin albashin farko ba. Daga nan sai adashi, ko rancen ƙungiyar ma'aikata, ko a sayar da akuyar uwa. A jihar da rahoton talauci mai fuskoki da yawa na 2022 ya sanya fiye da kashi 80 cikin ɗari na mutanenta a sahun matalauta, dangin da za a jingina da su ma a jingine suke. A taƙaice, ɗan haya ne ke ba mai gida rancen wata goma sha ɗaya babu ruwa, babu jingina, babu shaida.

Idan kuma aka sauya masa wurin aiki a wata na huɗu, abin da ya saura a hannun mai gida ya zama sai yadda hali ya yi. Wani zai mayar, wani zai ce a jira sai an samu wanda zai shiga, wani zai ce kuɗi sun riga sun shiga gini.

Abin da ba a faɗa a ranar ciniki

Kuɗin haya ba shi ne ƙarshen lissafi ba. Gidan da mutum biyar ke raba mita ɗaya, ko wanda ba shi da mita sai kuɗin ƙiyasi daga KEDCO, yana iya zuwa da tsohon bashin wuta da wani ya bari. Gidan da ba rijiya ba famfo yana nufin kuɗin 'yan garuwa kullum. Wa zai biya kwashe masai idan ya cika? Wa zai toshe yoyo? Ba a cika tambaya ba, saboda kunya, da kuma gudun kada mai gida ya ce wannan baƙon mai fitina ne.

Damina ce ke tona asirin duk wannan. Ambaliyar 2022 ta shafi mafi yawan ƙananan hukumomin Jigawa, ta kashe fiye da mutum ɗari, ta rusa dubban gidaje, akasarinsu ginin ƙasa. Ginin ƙasa da aka yi wa shafen siminti yana da kyan gani a watan Janairu, lokacin da baƙo ke zagayen neman gida. A watan Agusta ake sanin ko harsashinsa bulo ne ko laka, da ko unguwar hanyar ruwa ce. Kuma idan aka zo rabon tallafi bayan ambaliya, sunan mai gini ake rubutawa. Wanda katifarsa da takardun makarantarsa suka jiƙe a ciki ba lalle a ƙidaya shi ba.

Akwai kuma tantancewar da ba a rubuta ta a ko'ina. Masu gida da yawa sun fi son mai iyali, suna ɗari-ɗari da gwauro, sun fi ɗari-ɗari da mace marar aure. A garin da ke horar da ungozomomi kuma yake neman mata ma'aikatan lafiya ruwa a jallo, wannan ba ƙaramin cikas ba ne. Mutanen da ke kukan babu macen da za ta duba matansu a asibiti, wani lokaci su ne ke hana macen ɗakin da za ta kwana.

Me doka ta ce?

Abu na farko da ya kamata kowane ɗan haya ya sani: mai gida ba shi da ikon fitar da shi da ƙarfi. Cire ƙofa, yaye kwano, watso kaya waje, sauya kwaɗo, duk ɗaukar doka a hannu ne, ko da kuɗin haya ya ƙare. Kotun Ƙoli ta tsawatar a kan irin wannan a 1986, a shari'ar da ta haɗa gwamnatin soja ta Jihar Legas da Emeka Ojukwu, bayan gwamnatin ta tura jami'ai sun fitar da shi daga wani gida a Ikoyi alhali magana na gaban kotu. Idan aka hana gwamna, ba a bar wa mai ɗakuna huɗu ba.

Ma'aunin da aka saba da shi a dokokin ƙwato gida na Abuja da Legas da jihohi da dama shi ne: idan ɓangarorin ba su ajiye wani wa'adi a yarjejeniyarsu ba, mai biya mako-mako ana ba shi notis na mako guda, mai biya wata-wata wata guda, mai biya shekara-shekara wata shida. Bayan wa'adin ya cika, sai a ƙara masa sanarwar kwana bakwai cewa za a kai ƙara, sannan alƙali ya yanke hukunci. Amma akwai wani lungu: idan an rubuta cewa hayar ta shekara guda ce tak, daga rana kaza zuwa rana kaza, to tana ƙarewa da kanta, sanarwar kwana bakwai kawai ta rage. Bambancin wata shida da kwana bakwai yana rataye ne a kan kalmomin da aka yi amfani da su ranar ciniki. Idan ba a rubuta ba, sai rantsuwa da shaidu, kuma shaidun galibi maƙwabtan mai gida ne, ba na baƙo ba.

A zahiri, rigimar haya a Birnin Kudu ko Gwaram ba ta cika farawa daga kotun majistare ba. Wurin mai unguwa ake fara zuwa, ko dagaci, ko ofishin Hisba, ko kotun shari'ar Musulunci, tunda Jigawa na cikin jihohin da suka ƙaddamar da Shari'a a shekara ta 2000. Fiƙihun Malikiyya kuwa bai bar babin haya a buɗe ba. Sharaɗi ne a san kuɗin, a san tsawon lokacin. Idan gidan ya rushe ta yadda ba a iya zama, yarjejeniyar ta warware, kuɗin watannin da ba a zauna ba kuma ba halalin mai gida ba ne. Mutuwar mai gida ba ta soke haya, don haka magada ba su da hurumin korar ɗan haya kafin wa'adinsa don kawai suna son raba gado. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu. Abin mamaki ne a ce a al'ummar da yara ke haddace wannan aya, neman rasit ya zama alamar rashin yarda.

Takardar ba ta buƙatar lauya. Rabin shafi da Hausa ya wadatar: sunayen ɓangarorin biyu, kwatancen gidan, adadin kuɗi, ranar shiga da ranar ƙarewa, wanda zai yi gyara, yadda za a yi da ragowar kuɗi idan an tashi kafin lokaci, wa'adin sanarwa kafin ƙarin haya, da sa hannun shaidu biyu. Wanda ya biya ta banki ko ta POS ya adana shaidar, ya ɗauki hoton lambar mita ranar da ya shiga.

Yanzu ma rasit ya samu wani amfani. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a Yunin 2025, mai fara aiki daga Janairun 2026, ta ba ɗan haya damar cire kashi 20 cikin ɗari na hayar da ya biya a shekara, har zuwa Naira 500,000, daga kuɗin shigar da za a yanka wa haraji, muddin ya bayyana ainihin abin da ya biya. Kada a zaci kuɗi za a mayar. Wanda ya biya hayar Naira 200,000, za a rage Naira 40,000 daga abin da ake lissafa masa, idan kuma yana matakin harajin kashi 15, abin da ya tsira da shi Naira 6,000 ne a shekara. Mai mafi ƙarancin albashi, wanda dama an yafe masa harajin, ba ya samun komai. Rangwamen ya fi amfanar mai hayar miliyoyi a Abuja fiye da malamin firamare a Basirka.

To me ya hana ya gina nasa?

Wannan ita ce shawarar da dattawa ke bayarwa, kuma burin kowane ɗan haya ke nan. Ma'aikacin gwamnati da ke cikin Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, ana cire masa kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashinsa duk wata, da alkawarin rance mai ruwan kashi shida daga Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya. Sai dai rancen gini na neman takardar mallakar fili da banki zai yarda da ita. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filayen birni suna hannun gwamna, shi ke ba da shaidar mallaka, na karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izinin riƙo na gargajiya. Mafi yawan fulotan da ake saye a gefen garuruwan nan gonaki ne da aka yanka, shaidarsu takardar ciniki ce mai sa hannun mai unguwa. Ta isa a gari, ba ta isa a banki ba. Ga kuma waɗanda ke ƙauracewa rancen gaba ɗaya saboda ruwan da ke cikinsa. Haka mutum zai shekara ashirin ana yankar albashinsa don gida, yana biyan haya.

Wa ke da ikon gyarawa?

Sashe na 16 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati samar wa 'yan ƙasa matsuguni mai dacewa, amma yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana a kai ƙara a kansa. Dokar haya kuwa hurumin jihohi ce. Shi ya sa ƙudirin da Sanata Smart Adeyemi ya kai Majalisar Dattawa a 2022, mai neman a koma biyan haya wata-wata, Abuja kaɗai ya shafa, kuma bai zama doka ba. Legas ta yi tata tun 2011, a zamanin Babatunde Fashola, inda ta haramta karɓar fiye da hayar shekara guda daga sabon ɗan haya. Duk wanda ya nemi gida a Legas ya san cewa rubuta doka daban, bin ta daban: inda masu nema suka fi gidaje yawa, mai gida zai ce ga farashinsa, wanda bai iya ba ya matsa.

A Ingila, inda biyan wata-wata shi ne al'ada, dokar 2019 ta hana dillalai cajin ɗan haya kuɗin nemo gida, ta kuma taƙaita kuɗin ajiya zuwa hayar mako biyar ga yawancin gidaje. Tun 2007 kuma dole ne a sanya wannan ajiya ƙarƙashin wata hukumar tsaka-tsaki, wadda ke raba gardama idan an zo tashi. Abin lura a nan shi ne ba a ce wa mai gida ya yarda da baƙo don Allah kawai ba. An samar da wani na uku da zai tsaya tsakani.

A Birnin Kudu da Gwaram wannan na ukun yana nan, ba a dai sa shi aiki ba. Tunda yawancin 'yan haya ma'aikatan gwamnati ne, wanda ke biyansu albashi zai iya tsaya musu: a riƙa cire haya daga albashi duk wata ana tura wa mai gida kai-tsaye, ko a ba sabon ma'aikaci rancen haya marar ruwa a cire a hankali. Mai gida ya samu tabbacin da yake nema, ma'aikaci ya huta da neman kuɗin shekara. Ga masu yi wa ƙasa hidima, ƙa'idar hukumarsu dama ta ɗora wa wurin da aka tura su samar da masauki ko biyan madadinsa, abin da ya rage a tilasta. Ƙaramar hukuma ma tana da rawa: jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulki ya ba ta aikin raɗa wa tituna suna da sanya wa gidaje lamba. Gidan da ba shi da lamba, ko a takardar yarjejeniya sai dai a rubuta “bayan gidan mai” ko “kusa da masallaci”. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, tambayar shugaban ƙaramar hukuma takardar haya ta bai-ɗaya da Hausa, wadda za a ajiye a wurin kowane mai unguwa, ba neman abin da ya fi ƙarfinsa ba ne.

Dokar da za ta taƙaita kuɗin gaba, ta tsayar da la'adar dillali, ta wajabta rasit, daga Majalisar Dokokin Jiha da ke Dutse za ta fito. Majalisar na da kujeru 30, Birnin Kudu na da ɗaya, ƙaramar hukumar Gwaram na da biyu, Gwaram da Fagam. Sai dai ɗan siyasa yana lissafi da ƙuri'a ne. Mai gida ɗan gari ne, a nan yake zaɓe, shi da iyalansa da maƙwabtansa. Ɗan haya kuwa sau da yawa katinsa na Haɗeja ne, ko Gumel, ko Kano, ko Azare, ranar zaɓe ma ba ya gari. INEC na ba da damar sauya rumfar zaɓe zuwa inda mutum yake zaune a duk lokacin da aka buɗe rajista, kuma ma'aikacin da ya shekara biyar yana biyan haya a Birnin Kudu ya cancanci yin hakan kafin 2027.